Roƙon Ruwa da Kututturen Gawo: Imani da Fari a Ƙasar Gumel da Maƙwabtanta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san abin da ake yi idan damina ta yi jinkiri, ko kuwa ta faɗi aka yi shuka sannan sama ta ɗauke. Idan gero ya fara murɗewa a gona, rairayi ya ɗau zafi, sai sanarwa ta fito daga fada ko daga babban masallaci cewa gobe da hantsi a haɗu a filin idi. A fita da tsofaffin tufafi, babu ado babu turare. Liman ya ja raka'a biyu, ya yi huɗuba, ya juya mayafinsa, jama'a su ɗaga hannu suna neman gafara. A gidaje a yi sadakar gumba, a tsangayu almajirai su sauke Alƙur'ani. Haka ake yi a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, haka kuma ake yi a Magarya da Dungas a tsallaken iyaka, domin hadari bai san shingen kwastan ba.

Wannan ita ce tsohuwar amsar da imani yake ba fari a wajenmu, kuma sunna ce tabbatacciya. Amma yanzu da duniya ta cika da zancen sauyin yanayi, har shugabannin addinai suna fitar da sanarwa a kai, ya kamata mu yi wa kanmu wata tambaya ta tarihi: ban da ranar roƙon ruwa, me imani ya taɓa sa mutanen wannan yanki suka yi wa ƙasar da suke nomawa? Idan muka bi sawun shekaru kamar ɗari da hamsin, za mu tarar cewa amsar tana wajen itacen da ke tsaye a tsakiyar gona, da abin da ya hana mai gatari sare shi, ko ya ƙyale shi ya sare.

Ƙasar da iyaka ta raba

Masarautar Gumel ta Mangawa ce. An kafa ta wajen shekarar 1750, ta yi biyayya ga Borno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Kafin fadar ta zauna a garin Gumel wajen 1845, a Tumbi take, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Da Ingila da Faransa suka ja layin iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai tsohuwar fadar ta faɗa hannun Faransawa, sabuwar kuma hannun Ingilishi. Saboda haka duk tarihin ƙasar Gumel da aka ba da shi ba tare da Damagaram ba, rabin labari ne. An yi yaƙi tsakaninsu, an yi ciniki, an yi auratayya, ƙasar noma kuwa iri ɗaya ce: jigawa mai rairayi, damina ta wata uku zuwa huɗu, gero da dawa da wake.

A irin wannan ƙasa babu itacen da ya kai gawo daraja. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, sannan ya yi kore da rani lokacin da komai ya bushe. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin awaki da shanu ne a tsakiyar bazara. Manomi ya san cewa geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya tun kafin masu bincike su zo su auna. A Damagaram har yau ana ba da labarin cewa sarakuna, musamman Tanimu ɗan Sulaimanu wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, sun kafa doka mai tsanani a kan gawo, wanda ya sare shi ba da izini ba yana iya rasa hannu, ko ma ransa. Tsoron sarki ya tsare gawo.

Akwai kuma wani tsoron da ya girmi na sarki. Kakanninmu sun ɗauka cewa manyan tsamiya da kuka mazaunin iskoki ne, don haka ba a kusantar su da gatari. Musulunci ya yaƙi wannan aƙida, kuma tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare itacen da ake bauta wa a birni aka gina hasumiyar masallaci a wurin. Babu Musulmin da zai yi kukan rashin tsafi. Sai dai akwai abin lura a nan: da tsoron aljani ya gushe daga gindin itace, ya kamata a ce wani dalilin ya maye gurbinsa, kuma addinin yana da shi a hannu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar yaƙi, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya ko a ƙasar abokan gaba. Karatun yana nan. Abin da tarihi zai nuna mana shi ne sau nawa ya fita daga zaure ya isa gona.

Gyaɗa, jirgi da gandun daji

Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawa a 1903. Shekara goma bayan haka aka yi babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba, kuma Turawa ba su fasa karɓar haraji ba. A 1927 aka yi wadda ake kira Mai Buhu. Tsofaffinmu ba su ƙirga shekaru da lamba, da sunan yunwa suke ƙirgawa, wannan kaɗai ya isa shaida cewa fari ba baƙo ba ne a nan.

Abin da ya zo sabo shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kammala layin Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa. Haraji na kuɗi ne, gyaɗa ce ke kawo kuɗi, don haka aka shiga sassabe ba ji ba gani. Dajin da ake barin sa ya huta shekaru ya koma gona ta dindindin. Malaman gona suka koyar cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce.

A daidai wannan lokaci ne zancen gurgusowar hamada ya shigo. Wani Baturen gandun daji mai suna E. P. Stebbing ya zagaya yankin a 1934, a 1935 ya wallafa cewa Sahara tana tafiya kudu, ya ba da shawarar a yi mata katanga da itatuwa. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi wannan iyaka tamu daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya ba. Abin da ya gani shi ne ƙasa tana lalacewa a wuraren da aka matsa mata da noma da sara. Duk da haka hoton da Stebbing ya zana shi ya zauna a zukata, har yau shi muke maimaitawa.

Dokokin da suka biyo baya sun fi hoton illa. A ɓangaren Faransa, dokar 1935 ta mai da muhimman itatuwa mallakar hukuma, ko da a gonar mutum suke. A ɓangarenmu ma an keɓe gandun daji, an jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda. Niyya ita ce a kare itace, amma sakamakon ya zo a juye. Manomin da ya san cewa in tsiro ya girma a gonarsa ya zama na gwamnati, kuma in ya sassaƙe reshe ma'aikacin daji zai ci shi tara, sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Itace ya tashi daga amana ya koma abin jawo fitina.

Shekarun da sama ta ɗauke

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja baya a duk faɗin Sahel. A 1972 da 1973 abin ya kai maƙura, har a birnin Kano ruwan 1973 bai wuce kusan rabin abin da aka saba samu ba, balle arewacin jihar, inda Gumel take a lokacin. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, magidanta suka tafi cin rani ba su dawo da wuri ba. A 1975 cuta ta gama da gyaɗa. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin rayuwar ƙauyen Dagaceri na Mangawa a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, ya rubuta yadda mutane suka tsira: saƙar igiya da tabarma daga kaba, ganyen daji, sayar da 'yan dabbobi, ƙwadago a birni, da taimakon dangi. Abin lura shi ne yawancin hanyoyin tsirar nan daga itace da tsiro suka fito.

Sai 1984, wadda ta zo da fari da rufe iyaka lokaci guda. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsin da ya saba bi ta kasuwanni irin na Maigatari zuwa arewa ya tsaya, shi ya sa a Nijar aka raɗa wa yunwar suna El Buhari.

An yi roƙon ruwa a waɗannan shekaru ba adadi, an kuma nemi mai laifi. A kan mumbari aka ce zunubi ne: tauye mudu, hana zakka, zalunci. A jami'o'in Turai da Amurka aka ce manoma da makiyaya ne suka cinye ciyawa suka sare daji har ruwa ya gudu. Sai daga baya bincike, musamman na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, ya nuna cewa babban abin da ya juya daminar Sahel shi ne sauyin zafin ruwan tekuna. Wasu binciken suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atalantika, ya tura hadari kudu. Wato akuyar Bamange ba ita ta kori ruwa ba. Suratur Rum ta riga ta faɗa cewa ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane, sai dai a wannan karon hannuwan da suka fi yin ɓarnar suna nesa da waɗanda suka sha wuyarta. Har yau kaso kaɗan ne duk nahiyar Afirka take fitarwa na iskar da ke ɗumama duniya.

Wannan bai wanke mu sarai ba. Sare itace bai hana ruwa sauka ba, amma shi ya sa ɗan ruwan da ya sauka bai yi amfani ba. Gonar da ba itace, iskar farkon damina tana binne shukarta da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku. Gwamnati ta amsa da dogayen layukan darbejiya da turare don tare iska, daga shekarun 1970 har zuwa aikin da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1987, kuma ana ganin ragowarsu a arewacin Kano da Jigawa. Sun yi amfani, amma binciken da aka yi a Yambawa kusa da Ɗambatta ya nuna cewa kariyarsu ba ta nisa, saiwarsu kuma tana ƙwace wa geron da ke kusa ruwa. Uwa uba, itatuwan na hukuma ne, a kan filin da aka karɓa daga manoma.

Abin da ya faru a Maraɗi

Misali mafi bayyana na mutumin da imani ya tura shi wannan aiki a ƙasar Hausa ya faru ne a Maraɗi, kuma mutumin ba Musulmi ba ne. Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ne, masanin noma, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Ya yi shekara biyu yana rainon irin itatuwa yana kai wa ƙauyuka, mafi yawansu suna mutuwa, ko rana ta ƙone su, ko awaki su cinye, ko gara. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya wuce rairayi, zuciyarsa ta karaya, sai ya roƙi Allah gafara a kan yadda mutane suka ɓata halittarSa, ya roƙi a buɗe masa ido. Da ya duba gefen hanya sai ya lura da wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce. Ya matsa ya duba ganyen, ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa miliyoyi ne a gonaki, kowace bazara suna tohowa, kowace bazara ana sassabe su a ƙone.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sharar gona, manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran, ya rage rassan ƙasa. Tun da tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, cikin shekara uku ko huɗu ya zama itace. Babu sayen iri, babu ban ruwa. Mutanen Nijar suka raɗa mata suna sassabin zamani.

Da farko dariya aka yi wa 'yan ƙalilan da suka gwada, ana ce musu ƙazaman manoma. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, domin an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a kusan ƙauyuka ɗari. Da rabon ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki a ƙofar gida, sun ga harawar dabba, sun ga shuka ta tsira daga iska. Gani ya kori ji, maƙwabta suka fara kwaikwayo. A shekarar ce kuma, a watan Mayu, gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, sannu a hankali ma'aikatan daji suka sassauta, har dokar 2004 ta ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen gonarsa.

Bayan shekara ashirin, da masu bincike irin su Chris Reij da Mahamane Larwanou da Gray Tappan suka gwama tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai suka tarar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Kusan hekta miliyan 1 daga ciki tana yankin Magarya da Matamai da Mirya, wato bayan gidanmu, kuma yawancinta gawo ne. Sun kuma ba da rahoton cewa a wasu sassa ana iya gane layin iyaka daga sama, saboda ɓangaren Nijar ya fi duhun itace. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Kada mu ba mutum ɗaya abin da ba nasa ba. Waɗanda suka yi aikin manoma ne Musulmi, Hausawa da Barebari da Fulani, kuma a yankin Magarya da yawansu ba su taɓa ganin Rinaudo ba, tsohon ilimin gawo suka koma wa da ƙasa ta yi musu kaɗan. Rabon imaninsa a labarin shi ne ya hana shi tattara kayansa ya tafi, kuma ya sa shi kallon ƙasa a matsayin kayan Allah da za a yi tambaya a kansa. Sauran kuwa abu biyu ne suka ɗauke shi: manomi ya tabbata itacen nasa ne, kuma ya ga amfaninsa a tukunya.

Da mumbari ya fara magana

A ɓangarenmu, yunƙurin da ya fito daga zawiya kai tsaye shi ne na Ƙadiriyya a Kano. A watan Nuwamba na 2011, a garin Assisi na Italiya, aka kafa wata haɗaka ta biranen ziyarar ibada masu alkawarin kula da muhalli, Kano tana cikin waɗanda suka kafa ta saboda maukibin Ƙadiriyya na shekara-shekara. A watan Satumba na 2012 a Nairobi, ɗarikar, ƙarƙashin Khalifa Sheikh Ƙaribullahi Nasiru Kabara, ta gabatar da shirinta na shekaru tare da ƙungiyoyin addini fiye da ashirin na Afirka. Shirin ya ƙunshi rainon irin itatuwa, ba ɗaliban makarantunta su dasa su kula da su, da tsabtace hanya daga leda. A Jigawa kuma an san marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023, da abu biyu: tsara tara zakka a masarautarsa, da son dashen itatuwa.

A waje ma haka. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa kan muhalli, a watan Agusta na shekarar malamai da masana Musulmi suka fitar da sanarwar Istanbul kan sauyin yanayi. Majalisar malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2016 cewa ƙona daji haramun ne. A 2024 aka ƙaddamar da wata takarda mai suna Al-Mizan a Nairobi. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na tsibirin Misali a Zanzibar, inda masunta suka yi shekaru suna kamun kifi da nakiya duk da hanin gwamnati, sai da limamai suka shiga suna karantar da su cewa mutum halifa ne a bayan ƙasa sannan abin ya ragu ƙwarai. Maganar da ma'aikaci ya faɗa aka yi kunnen uwar shegu da ita, liman ya faɗa aka ji.

Asalin wannan duka yana cikin tarihinmu na Musulunci. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi fari a Madina, wanda ake kira shekarar toka. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'a. Amma kafin nan ya rubuta wa gwamnoninsa na Masar da Sham su aiko da abinci, ya kafa wuraren ciyarwa, ya jinkirta karɓar zakka, ya haramta wa kansa mai da nama har talakawa su samu. Ƙissar Annabi Yusuf ma tanadin shekara bakwai ce. Magabata ba su raba addu'a da shiri ba.

Ina muka tsaya?

Ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma ya canza hali. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Shi ya sa muke ganin fari da ambaliya a damina guda, kamar yadda Jigawa ta ɗanɗana a 2022. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Su kansu masu shirin sun fahimci cewa katangar Stebbing ba za ta yiwu ba, sun karkata ga irin abin da manoman Nijar suka yi.

Arzikin yankinmu duka a kan wannan ƙasa ya dogara. Shanu da raƙuma da tumakin da ke cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis ganye da 'ya'yan itace ne suka raine su da rani. Yankin ciniki maras shinge da aka kafa a Maigatari a 2000 don fitar da riɗi da zoɓo da ƙaro aka yi shi, ƙaro kuwa hawayen dakwara ne. In gona ta mutu, rumbun ajiya ba shi da abin ajiyewa.

Tarihin nan ya nuna mana abin da ya tsare itace da abin da ya kasa. Tsoron aljani ya tsare shi har ya gushe. Tsoron sarki ya tsare shi iya ran sarautar. Tarar ma'aikaci ta kashe shi. Inda ya dawo shi ne inda manomi ya mallake shi, ya amfana da shi, ya kuma yarda cewa barinsa alheri ne. Na farko aikin hukuma da masarauta ne, kuma taƙaddamar filayen rake da aka yi a Gagarawa ta tuna mana cewa wanda bai da tabbas a kan gonarsa ba zai raini itace a cikinta ba. Na biyu ƙasa ce ke bayarwa. Na uku kuwa babu mai iya shi kamar malamai.

Lokacinsa ma sananne ne. Ba a watan Yuli ake yanke hukuncin itace ba, lokacin da ake taron dashe a gaban kyamara. A bazara ake yankewa, a watannin Afrilu da Mayu, ranar da magidanci ya saɓa gatari ya nufi sharar gona ya tsaya a kan tohon kalgo ko sabara ko aduwa ko gawo. Huɗubar Juma'a guda a wannan lokaci, a masallatan ƙananan hukumomin nan huɗu, da ke bayyana cewa barin toho goma a gona sadaka ce mai gudana, za ta iya tsirar da itatuwan da motocin raba iri ba su tsirar ba. Filin idi da maƙabarta da harabar tsangaya, waɗanda dama nan ne itace ya fi tsira a garuruwanmu, suna iya zama wakafin inuwa. Kwamitocin zakka suna iya duba matan da ke dafa abinci da kara da kashin shanu saboda itace ya yi tsada, domin wa'azin hana sara ba ya shiga kunnen wadda ba ta da abin hura wuta. Kuma ba sai an yi doguwar tafiya neman malamin wannan aiki ba, manomin Magarya da Dungas yana zuwa kasuwarmu kowane mako.

Za mu ci gaba da fita roƙon ruwa, domin Mai saukar da shi ɗaya ne. Hausawa dai sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa idan ruwan ya sauka ya tarar da ƙasar da za ta riƙe shi.